Amsar Tambaya: Girka Debian a Tsohuwar Kwamfuta

Ɗan'uwa, kada shuɗin allon da za ka gani wajen girka Debian ya tsorata ka. Tambayoyi ne kawai zai jero maka ɗaya bayan ɗaya: harshe, ƙasa, sunan kwamfuta, kalmar sirri. Da maɓallan kibiya za ka yi zaɓi, Tab ya tsallaka da kai, Enter ya tabbatar.

Wajen rarraba faifai nake so ka nutsu sosai. In ka zaɓi faifan gaba ɗaya, ka kuma amince a rubuta canje-canjen, to hotunan biki da takardunka sun tafi ke nan. Na taɓa ganin ɗalibin da ya rasa kundin digirinsa a wannan matakin, har yau abin na damuna. Ka kwashe komai zuwa filasha tukuna. Batir ma ka cika shi, kada a ɗauke wuta ana tsaka da aiki.