Hular Kwano: Ki Zaɓi Daidai Kanki

'Yar'uwa mai zuwa awo a kan babur, hular kwano ba ta kare ƙwaƙwalwa sai ta zauna daidai. Wadda ta yi miki yawa takan fice lokacin hatsari, wadda ta matse kuma takan jawo ciwon kai har ki cire ta a hanya.

Kafin a saya, a auna kanki da tef ɗin tela daga saman gira. Ki gwada ta da hijabinki, ki ɗaure igiyar yadda yatsu 2 kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Ki girgiza kai. Idan ta juya, nemi ƙarama. Saboda zafi, zaɓi mai ƙofofin iska.

Allah ya sauke ki lafiya.