Abin Da Ke Sa Manomi Ya Kama Sabuwar Sana'a

Da an gama kaka, an kai hatsi rumbu, a kowane gari sai a ji ana shawarar abin da za a yi da rani. Wani ya ce turke zai kafa, wani ya ce lambu, wani kuwa injin niƙa yake so. To, kafin mutum ya kwance kuɗinsa, ya kamata ya san abin da ke tura shi, gama shi ke nuna ko sana'ar za ta ɗore ko za ta cinye jari.

Na fari, buɗewar hanya da kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa ɗauka zuwa Ikko, amma manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu. Tana son jigawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuwa kasuwa ta faɗi sai a yi mai da ƙuli-ƙuli a gida. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja suka juya jarinsu ga sayen gyaɗa. Cikinsu har da Alhassan Dantata, wanda ya rasu cikin 1955. Watau su mai saye suka fara gani, sa'an nan suka kama sana'ar.

Na biyu, matsi. An yi babban fari daga 1972 zuwa 1974, sa'an nan cikin 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata gonaki a ƙasar Hausa. Mutane da yawa suka bar gyaɗa, suka koma wake, ko kiwo, ko cin rani a birane. Wanda wahala ta kora yakan kama abin da ya samu da gaggawa, don haka shi ya fi kowa bukatar shawara.

Na uku, samun ruwa da kayan aiki. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, sai mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suka shiga noman rani, suna yin alkama da tumatir da shinkafa. Bayan 1980 kuma ƙananan injunan ban ruwa suka bazu cikin fadamu. Sana'a guda takan haifi goma. Inda aka yi lambu, mai kwando zai ci abinci, haka dillali, da mai mota, da mai gyaran inji. A Kura, mata masu turara shinkafa da masu injin casa duk a bayan manomi suka samu abin yi.

Na huɗu, ganin ido, shi ne kuwa mai hatsari. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya yi tumatir bara ya sayi babur, sai shi ma ya sayar da hatsi ya shuka tumatir, haka duk unguwa. Kaya su nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, kwando ya rasa mai taya shi, ga shi kuwa tumatir ba ya jiran gobe. Har wa yau, inda kowa ya shuka abu guda, nan ƙwari ke samun wurin zama. Cikin 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, waɗanda suka zuba jarinsu duka a kansa suka tashi hannu wofi.

Saboda haka, mai niyyar sabuwar sana'a ya fara amsa tambayoyi huɗu:

1. Wa zai saya, a wace kasuwa, cikin wane wata?
2. Nawa za a kashe? Mai turke ya rubuta kuɗin rago, da dusa, da harawa, da magani, ya gwada da abin da irin ragon ya yi a Babbar Sallar bara.
3. In kaya ba su shiga ba, ana iya ajiye su? Tumatir da tattasai a yanka a shanya, albasa a yi mata rumfa mai shan iska.
4. Wa ya san aikin, a je a koya wurinsa?

Ɗan kasuwa ko akawu da ke son zuba kuɗi a gona, lalle ya riƙa lekawa da kansa, ya kuma rubuta shiga da fita. A fara da kaɗan, raguna biyu ko fangali kaɗan, in ta yi kyau baɗi a ƙara. Abu guda ne dai ba a taɓawa, watau abincin iyali da iri na shuka. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda rumbunsa ke cike, in sana'a ta ƙi bana zai sake gwadawa. Wanda ya sayar da rumbu kuwa, damina za ta same shi yana ƙwadago a gonar wani.

Allah ya ba da sa'a, amin.