Abin da Ke Cikin Injin Tace Ruwan Leda

A wannan makon mu 'yan ƙaramar sakandare mun kawo muku darasi a kan wani abu da ba mu taɓa gani da ido ba, amma kullum muna shan aikinsa a lokacin tara.

Kowa ya san yadda ake tace kamu a gida. Ana zuba ƙullu a rariya ko a ƙyalle, ruwa da gari mai laushi su wuce, dusa ta tsaya a sama. A kamfanonin ruwan leda da yawa ma haka abin yake, sai dai tasu rariyar wani tantani ne siriri na roba, wanda masana ke kira folima. An naɗe shi kamar tabarma a cikin dogon bututu, famfo yana tura ruwa ta cikinsa da ƙarfi.

Ramukan wannan tantani ƙanana ne ƙwarai. Ana auna su da maikuron, wato idan aka raba milimita ɗaya ta jikin rularmu gida 1,000. Kaurin gashin kai ɗaya yana kai maikuron 50 zuwa 100. Ƙwayar cutar kwalara kuwa tsawonta kamar maikuron 2 ne. Akwai tantanin da raminsa maikuron 0.1 ne kacal, don haka ƙwayar ba ta da ta inda za ta bi. Akwai ma wanda ya fi shi matsewa, har gishirin da ya narke a ruwa yana tarewa. Wasu masana biyu, Loeb da Sourirajan, su ne suka haɗa irin wannan na farko mai amfani a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka a wajen 1960.

To amma ƙanƙantar rami ba ita ce kaɗai magana ba. Fuskar tantanin, wato gefen da ruwa mai datti ke fara taɓawa, ita ce take sa ya daɗe yana aiki ko ya mutu da wuri.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Ku ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza ko a kan baƙar leda. Za ku ga ya dunƙule kamar dutsen ado yana gangarawa, bai jiƙa komai ba. Sai ku ɗiga a kan tsumman auduga ko jikin sabuwar randa. Nan take zai baje ya shige. Ganyen gwaza da leda ba sa son ruwa, auduga da randa suna sonsa.

Matsalar ita ce yawancin robobin da suke da ƙwarin jure matsin famfo, kamar folisalfon, halinsu na leda ne. Abin da ba ya son ruwa kuma yana son maiƙo. Ku tuna wahalar wanke kwanon roba da aka ci miyar manja a ciki, alhali kofin gilashi sau ɗaya ya fita tas. Haka maiƙo da yauƙi da ƙwayoyin cuta suke mannewa a fuskar tantanin. Ƙwayoyin su hayayyafa su yi shimfiɗa mai santsi irin ta cikin durom da aka daɗe ba a wanke ba. Ramuka su toshe, ruwa ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, sai an ƙara ƙarfin famfo, janareto ya ƙara shan dizal. Daga ƙarshe dole a wanke da sinadari ko a sayi sabo, kuma yawanci daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Mai kamfanin da ba ya tsoron Allah zai iya cewa bari ya lallaɓa da tsohon, mu kuma mu ne masu sha.

Shi ya sa masana suka ce a bar cikin tantanin da ƙwarinsa, a canja halin fuskarsa kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa masa wani siririn sinadari mai son ruwa. Da zarar an jiƙa shi, ruwa zai lulluɓe fuskar kamar riga, datti ya zo ya rasa wurin kamawa, sai ya bi ruwan da ake zubarwa ya tafi. Aibin shafe shi ne yana iya wankewa a hankali. Don haka wasu suke ɗaure sinadarin da jikin robar ta hanyar haska mata wani haske na musamman, ya zauna daram kamar rini a jikin shadda. Wasu kuma suna sa wa fuskar caji irin na dattin, su riƙa tunkuɗe juna kamar yadda kawuna iri ɗaya na maganaɗisu suke yi a darasin kimiyya. Har ƙurar azurfa ana sakawa, domin azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta.

Dabarar da ta fi burge mu daga teku aka koyo ta. Akwai wata halitta mai ɓawo biyu da take manne wa duwatsu a cikin ruwa, igiyar ruwa ta yi ta dukanta ba ta ɓallewa. Gam ɗin da muka sani ba ya kama jiƙaƙƙen abu, nata kuwa yana kamawa. A shekarar 2007 masana a jami'ar Northwestern ta Amurka suka kwaikwayi gam ɗinta da wani sinadari mai suna dofamin. Tsoma abu kawai ake yi a ruwansa, bayan wasu awoyi ya fito da siririyar fata mai duhu mai son ruwa, kuma tana kama kusan kowane irin abu, roba ko ƙarfe ko gilashi.

Duk da haka aikin yana buƙatar lissafi. Idan shafen ya yi kauri, shi da kansa zai cike ramukan, a koma gidan jiya. Kuma tantanin da ke tare gishiri, wanda fatarsa ta sama ba ta kai maikuron 1 ba, yana da babban abokin gaba, wato kulorin da hukumar ruwa ke zubawa don kashe cuta. Kulorin yana cinye wannan fatar. Saboda haka ne ake fara bi da ruwan ta tankin gawayi kafin ya iso wurinta.

Ba a ruwan sha kaɗai ake wannan dabara ba. Injin wankin ƙoda a asibiti yana tace jini ta cikin dubban siraran bututun folisalfon, kuma su ma sai an gauraya su da sinadari mai son ruwa don kada jinin maras lafiya ya manne ya daskare a ciki.

Mai son ya gwada, mun ajiye ganyen gwaza da leda da tsumman auduga a ɗakin gwaje-gwaje. A zo da ruwa a murfin gora, kuma a nemi izinin malamin kimiyya kafin a shiga.