Yadda Ake Mayar da Jitar Bes Mai Araha Fikolo

Jitar bes ita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke gurnani a ƙarƙashin kiɗa. Idan aka sa mata siraran tsirkiyoyi aka ɗaga muryarta sama da oktaf guda, wato kowace tsirkiya ta riƙa kaɗawa ninki biyu na yadda ta saba, sunanta ya koma fikolo. Sunayen sautukan ba sa canzawa: E, A, D, G. Sai dai E da ke kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ta koma sau 82, G kuma daga 98 ta koma 196. Wannan shi ne daidai muryar tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jitar da aka saba gani. Hannun mai bes bai sake koyon komai ba, amma yanzu shi ke gaba da waƙa. Makaɗin jaz na Amurka Stanley Clarke ne ya fito da ita fili a shekarun 1970, da wadda Carl Thompson ya ƙera masa, kuma Brian Bromberg ya yi suna da ita daga baya.

A ganina mai araha ce ta dace da wannan aiki, irin su Squier ko ƙananan Ibanez, ko ma ta hannu da aka saya wajen wani. Za a yi goge-goge, za a ɗiga gam, kuma mutum ya fi sakin jiki idan ba dukiyarsa duka ya shimfiɗa a kan tebur ba. Abu ɗaya za a duba kafin a biya kuɗi: a ɗaga ta a hangi wuyanta daga kai zuwa jiki, a tabbata bai murɗe ba. Ɗan lanƙwasa ana gyara shi. Murɗewa kuwa sai haƙuri.

Kada wani ya ce zai ɗaure tsofaffin tsirkiyoyin har su kai. Ninka sauti biyu na nufin ninka ja huɗu, ko dai tsirkiya ta tsinke ta fyaɗe ka a fuska, ko wuyan ya sha wahala. Sababbi za a saya. Na bes na yau da kullum kaurinsu kan tashi daga 0.045 zuwa 0.105 na inci, na fikolo kuwa, kamar saitin EXL280 na kamfanin D'Addario, daga 0.020 zuwa 0.052. Wato mafi kaurin fikolo kaɗan ta fi mafi sirantar bes.

Mutane kan yi dabarar sayen tsirkiyar jita tunda kaurin ya yi kusa. Ni ma na taɓa yi. Tsawon bes daga ɗan ƙashin da ke bakin wuya zuwa gada, inda gindin tsirkiya ke maƙalewa, inci 34 ne, na jita kuwa 25 da rabi ko ƙasa da haka, don haka wasu ba sa ko isa kunnen ɗauri. Wadda ta isa kuma, ɗan zoben da ke gindinta ƙarami ne. Ina cikin murɗawa sai na ji ƙas, zoben ya zurare ta ramin gada, tsirkiyar ta dawo tana lilo. Maganinsa shi ne a yanke babban zoben tsohuwar tsirkiyar bes a zura sabuwar ta cikinsa, ya zama maƙali. Yana aiki, amma wanda ya samu saitin fikolo na ainihi ya huta.

A cire tsofaffin, a goge wuya da tsumma tunda an samu sarari. Sai a zo inda aikin yake, wato ɗan farin ƙashi ko roba da ke bakin wuya, mai tsaga huɗu inda tsirkiyoyi ke kwanciya. An yanka tsagogin ne don masu kauri. Siririya idan ta shiga sai ta yi ta yawo kamar yaro a rigar babansa, ta riƙa zizara idan an kaɗa ta ba a danne ba, saiti kuma ya ƙi zama. Hanya biyu ce. Mai sauƙi: a liƙa tef a gefe da gefe don kare katako, a cika tsagar da garin ƙashi ko bekin soda, a ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya, ya daskare nan take kamar dutse, sannan a sake yanka tsaga da siririn magagari daidai kaurin sabuwar tsirkiya. Wadda na fi so: a ƙwanƙwasa tsohon ƙashin a hankali ya fita, a adana shi a ambulan tare da tsofaffin tsirkiyoyi, a sa sabo. Ranar da aka gaji da fikolo, rabin awa ya isa a koma gidan jiya.

Wajen yankan, a riƙa goga biyu ana gwadawa. Tsagar ta gangara kaɗan zuwa wajen kai, yadda tsirkiya za ta tashi daga leɓen gaba. A danna ta a na uku cikin ƙarafan da ke jere a kan wuya, a duba saman ƙarfe na farko: ya kamata a ga ɗan haske da bai wuce kaurin takarda ba. Idan ta kwanta a kan ƙarfen, an zarce, sai a sake cikawa.

Kunnen ɗauri na bes yana da rami a tsakiya. A lanƙwasa bakin tsirkiya da filaya kafin a yanke, a cusa cikin ramin, a bar tsawon da zai yi nannaɗi huɗu ko biyar, kowane a ƙarƙashin na baya. Siririyar G tana da santsi, ƙarin nannaɗin ne ke riƙe ta. A hau da sauti sannu a hankali da manhajar saiti ta waya, ana kallon lambar da ke gefen harafin: E2 ake nema, ba E1 ba. A ɗan jajja kowace da yatsa, a sake ɗaurewa, har ta daina sauka.

Tunda jan da ke kan wuya ya canza, lanƙwasarsa ma za ta canza. A danna tsirkiya a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci guda, a duba tazarar da ke tsakiya, wajen ƙarfe na takwas. Kaurin katin kasuwanci ya wadatar. Idan babu tazara ko kaɗan, a sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki, idan ta yi yawa a ƙara ɗaurewa. Kwatan juyi kawai, sannan a bar ta ta kwana. Mu da ke ƙasar hunturu sai mun sake dubawa idan iska ta bushe, don katako yana motsi da yanayi.

Saura gada. Kowace tsirkiya tana da sirdinta mai tafiya gaba da baya. A kaɗa ta a sake, a kuma danna ta a ƙarfe na 12, sautin biyu ya zama harafi ɗaya. Idan na dannen ya haura, a ja sirdin baya da sukudireba, idan ya gaza a tura shi gaba. Da siraran tsirkiyoyi yawanci gaba ake turawa. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti kuma a ɗan ɗaga shi, don siririn ƙarfe bai cika motsa shi ba, amma kada ya matso har ya riƙa jan tsirkiya yana kashe amonta.

A nan ne arahar jitar kan tonu. Ƙarfen wuya guda da ya ɗara 'yan'uwansa tsayi, wanda gurnanin bes ke rufa wa asiri, yanzu za a ji shi sarai. Idan guri ɗaya ne, a ɗan ɗaga sirdi a wuce. Idan ya yi yawa, a kai wa mai gyara ya daidaita su.

Amfilifayar bes za ta ɗauke ta, muryar ta fito da kauri da ɗumi, ta jita kuma ta fi fito da kaifi. Gwajin da nake fara yi shi ne na danna tsirkiya uku tare can sama da ƙarfe na 12, abin da a da sai dai ya fito a dagule. Idan kowace ta fito da muryarta daban, sai na maida alanki cikin aljihun jaka.