Me ya sa jirgin tururi ke shan wuya a hawan tudu?

'Yan uwa ɗalibai, a darasin kimiyya an koya mana gogayya, wato yadda abu biyu ke riƙe juna idan suna gugar juna. Ga misalinta daga Ingila.

Tun 1968 aka daina aiki da injinan tururi a manyan layukan dogo na ƙasar. Amma masu sha'awa sun adana wasu, sukan fito da su su ja fasinjoji yawon shaƙatawa. Inda suke jin jiki shi ne tudun Lickey, kusa da Birmingham. Tsawonsa kamar kilomita 3, kuma a duk tafiyar mita 38 layin yana ɗagawa da mita 1. Mu da keke ma za mu haye shi.

To me ke wahalar da jirgi? Ƙafarsa ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe, gogayyarsu kaɗan ce. A fili wannan alheri ne, shi ya sa inji ɗaya ke jan taragu rututu. A tudu kuwa nauyin taragun yana ja da baya. Direba na ƙara tururi, sai ƙafafu su kama juyawa wuri ɗaya, musamman in an yi ruwa ko ganye ya zuba a kan dogo. Dole ya rage, ya saki yashi ta bututu a gaban ƙafafun. Mai zuba kwal kuma shebur ba ya barin hannunsa, don in wuta ta lafa tururi zai ragu, jirgi ya tsaya a tsakiyar hawa, ya tare wa sauran jirage hanya. Shi ya sa sau da yawa ake haɗa injin dizal a baya yana turawa.