Daren Ruwan Gishiri: Yadda Iyali Za Su Bi Labarin Kimiyya

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12

Da yawa cikinmu a nan Azare ba mu manta da asubahin Juma'a, 8 ga Agusta 2014 ba. Tun kafin zakara ya yi cara wayoyi suka dinga ƙara. 'Yan'uwa na nesa suna cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai shi ne kariya daga cutar Ebola. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ta da yarana. Wadda ta kira ni ƙanwar mahaifiyata ce, mace mai tsoron Allah, ƙauna ce kuma ta hana ta barci. Kafin Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata zancen, aikin gama ya gama. Aƙalla mutum 2 sun rasu a ƙasar nan saboda shan gishirin, aka kwantar da waɗansu a asibiti.

Cutar kanta kuwa ba ta ko iso Arewa ba. A Legas da Fatakwal ta tsaya, ta kama kimanin mutum 20, 8 suka mutu. Abin da ya tare ta shi ne jaruntakar Likita Stella Adadevoh, wadda ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, har ita ma ta rasa ranta, da kuma ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya cuɗanya da majiyyaci har kwana 21. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. An yi ta bayyana wannan duka a rediyo, amma mu saƙon waya muka fi gaskatawa.

A karatunmu an yabi mutanen Biriya domin sun saurari Bulus da zuciya ɗaya, duk da haka suka bincika kowace rana su tabbatar. In har ba a ga laifin wanda ya bincika wa'azin manzo ba, 'yan'uwa, ina dalilin jin nauyin bincika saƙon WhatsApp? Tambaya ta fari ita ce, wa ya faɗa? "Likitoci sun ce" ba amsa ba ce. Wane likita, a wane asibiti, yaushe?

Wannan "yaushe" tana da nauyi, gama ilimin kimiyya ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2014 gaskiya ne a ce Ebola ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, amma tun 2019 akwai ta ga irin da ya addabi Afirka ta Yamma. Haka zazzaɓin cizon sauro: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafinsa na farko a 2021, na biyu a 2023, Nijeriya kuma ta soma yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Sai dai wanda ya tsaya a kanun labari zai iya naɗe gidan sauronsa, alhali allurar rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

Mu a Jihar Bauchi labarin da ya fi shafarmu shi ne na zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 bayan ya kashe wata nas ta mishan, Laura Wine, da ke aiki a garin Lassa. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a abinci, ya fi tsananta da rani, jiharmu kuma tana cikin waɗanda suka fi fama da shi. Hukumar NCDC tana fitar da rahoto a kansa a kai a kai.

Mun ci sa'a, akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya a garin nan, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, da wuya kuma a rasa nas ko malamin kimiyya a ikilisiya. A gidana, sau ɗaya a mako bayan addu'ar dare, ɗaya cikin yara yakan kawo labarin kimiyya guda da ya ji a BBC Hausa ko ya karanta a Aminiya, mu tattauna. Abin da ya gagare mu sai mu rubuta a takarda, mu kai wa wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ran Lahadi bayan an tashi sujada.