Farfaɗo da Zaman Sadarwa Tsakanin Manyan Kwamfutoci

A tsarin sadarwa na SNA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1974, sake haɗa layi bayan katsewa abu ne mai sauƙi. Matsalar tana ga saƙon ƙarshe: shin ya isa ko bai isa ba? Kowane saƙo yana ɗauke da lambar jeri, saboda haka kwamfutocin biyu kan kwatanta lambobinsu ta umarnin STSN kafin su ci gaba. In aka tsallake wannan mataki, banki na iya cire kuɗin mutum sau biyu. Daga baya aka bai wa manhajar VTAM ikon riƙe zaman a buɗe har CICS, mai sarrafa hada-hadar, ta sake tashi. Duk da haka, aikin da bai kammala ba warware shi ake yi, a mayar da bayanan yadda suke da farko.